Yashin da Ya Kusa Cinye Mini Irin Salwa

Ku da kuke zuwa gidana ranar Asabar kuna leƙa keji kuna ɗaukar hoto da waya, ina jin abin da kuke faɗa in kun fita ƙofa. Wai kiwon salwa sana'ar hutu ce: tsuntsu bai fi dunƙulen hannu ba, ba ya cin wuri, sati shida ya fara ƙwai, sai mutum ya miƙe ƙafa yana kwasa. To sannunku da lissafi. Ni Saratu, da mutanen Unguwar Boro suke kira Maman Salwa, gashin kaina a wannan hutun naku ya yi fari, kuma har yau ban ga ranar miƙe ƙafar ba. Ku jawo benci ku zauna, ku ajiye wayoyin nan tukuna.

Ni ba da kiwo na fara ba. A masaƙa nake aiki a Kakuri, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Na koma sayar da abinci ga makanikai, ina yawo da kula shago-shago. A nan na san Oga Emeka, wani dattijo daga gabas mai gyaran firij. Kullum in na kai masa shinkafa sai in ji wani kuka a bayan shagonsa, ba na zakara ba, ba na kurciya ba. Ran nan na kasa haƙuri na leƙa. Na ga tsuntsaye cike da keji, ƙwai kuma zube a gaba masu ɗigo-ɗigo kamar an yi musu zane. Na ce ya koya mini. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Madam, in kina da gaggawa, koma kan shinkafarki." Na ce ba ni da ita. Ƙarya nake yi, amma ya karɓe ni.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke mazubin ruwa. Ya miƙo mini kwano cike da tsakuwa ya ce su ma in wanke, in jera su cikin ruwan 'yan tsaki. Na ce, "Oga, dutse kuma za su sha?" Sai ya ɗauko ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe jiya ya ɗora a tafin hannuna, bai kai babban yatsana ba. Ya ce ruwan da zai cika cokali ya isa ya nutsar da wannan, kuma ba shi da wayon da zai kauce. Da tsakuwa a ciki, sai ya sha ta tsakaninsu ya taka ya wuce. Daga nan ya nuna mini rufin keji, duk an shimfiɗa buhu ta ciki. Salwa in ta firgita sama take zabura, ba gefe ba, in ta haɗu da katako tsirara sai dai ka tsinci gawa. Faɗuwar murfin tukunya kaɗai ya isa.

Juya ƙwai kuwa shi ya fi cin raina. Salwar keji ba ta kwanci, ta yi ƙwai ta yi gaba abinta, ko waiwaye babu. Kai ne uwar. Oga ya mayar da wani mataccen firij injin ƙyanƙyasa: ƙwan lantarki a sama, kwanon ruwa a ƙasa, ma'aunin zafi rataye a tsakiya. Kowane ƙwai a yi masa alama da fensir a gefe guda, a juya da safe, a juya da rana, a juya da yamma, da yatsu masu tsabta, ba manja ba sabulu. In an ɗauke wuta, ka san dai Kaduna, sai a kunna fitilar kananzir a cusa a ƙasa, a tsaya ana duban ma'auni kamar mai jinya. Sati biyu da 'yan kwanaki ana wannan bauta. Ya koya mini kuma rarrabe namiji da mace: ƙirjin mace fari-fari ne da ɗigo, na namiji ja ne kamar tsatsa. In kana shakka ka juya shi ka ɗan matsa ƙarƙashin wutsiya, lafiyayyen namiji zai fitar da wani farin kumfa. Ku riƙe wannan, domin in babu kumfar nan, babu 'yan tsaki.

Amma abin da ya bambanta Oga da sauran masu kiwo shi ne irinsa. Duk ƙyanƙyasar da aka yi, sai ya bi tsuntsayen ɗaya-ɗaya yana ɗagawa a hannu, ido a rufe. Mai nauyi, mai faɗin ƙirji, mai tsayayyar ƙafa, ya ware don iri. Saura a sayar. Shekara da shekaru yana haka, har salwarsa ta zama in ka ajiye ta kusa da ta kasuwa sai ka ce uwa da 'ya. Ƙwanta ma ya fi girma. Da tsufa ya kama shi ya yanke shawarar komawa garinsu, ya kira ni ya ce in kawo mai baro. Ya ba ni firijin, ya ba ni tsuntsayen irin gaba ɗaya. Ya ce, "Yarana ba mai so. Ki riƙe. Abu ɗaya: kada ki sa musu namijin kasuwa. Aikin shekaru sai ya narke a wata uku." Na yi kuka ranar, ba na ɓoye muku.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai lokacin da gari ya ɗauka cewa ƙwan salwa maganin kowace cuta ne. Mutum zai zo tun daga Kudenda ya tashi aikin kamfani ko wanka bai yi ba, ya ce in ba shi na hawan jini. Ina ce masa, "Ɗana, ƙwai nake sayarwa, abinci ne mai kyau, asibiti yana can." Wasu su yi fushi su tafi wurin mai gaya musu abin da suke so su ji. Kowa ya buɗe kiwo a lokacin, har masu ɗaki ɗaya. Da guguwar ta wuce, keji ya koma wurin ajiye tukwane a gidaje da yawa. Ni abin da ya riƙe ni girman tsuntsuna ne. Masu farfesu a Sabon Tasha sun san in sun sa nawa a faranti ba mai cewa an cuce shi. Ga kuma Hajiya Binta daga Unguwar Mu'azu, mai dafa ƙwai tana ba 'yan talla. Ita in ta zo sai ta ɗaga kiret ɗin ƙwai ta ce, "Maman Salwa, naki ko makaho ya taɓa ya san naki ne." Daga nan ta nemi ragi, ba ta taɓa fashi ba.

Yanzu ku fahimci yadda gidan yake, don a nan labarin yake. Ina da sashi biyu. Na farko kejin waya, mata zalla, masu ƙwan sayarwa. Waɗannan ba sa bukatar namiji. Na biyu ɗakin iri, inda zaɓaɓɓun mata suke tare da maza. Duk namijin da ba na iri ba, da ya kai sati shida ko bakwai ya tafi tukunyar farfesu, domin ciyar da shi asara ce. Wato duk mazan da nake da su a duniya suna ɗaki ɗaya. 'Yan ɗakin nan su ne 'yan gata. A ƙasa suke yawo, kuma ina ajiye musu faranti cike da yashi. Salwa da yashi sai wanda ya gani! Ta kwanta ta yi birgima, ta watsa shi cikin gashinta, ta tsinci ƙananan tsakuwa ta haɗiye don niƙa abinci. Shi ne wankanta, shi ne haƙoranta.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika, masu ɗebo yashi suka janye, tifar yashi ta yi tsada. Nawa ya ƙare. Maƙwabcina Dogara magini ne, cocinmu ɗaya, mutum mai son a ce ya taimaka. Na tare shi a hanya na ce, "Dogara, in ka ga ragowar yashi a wurin aiki ka tuna da ni." Ya ce, "Haba Mama, wannan ai ba abin roƙo ba ne." Bayan kwana biyu sai ga shi da baro, yashi fari tas, busasshe, an gama wani gini a bayan layinmu mai gidan ya ce a kwashe. Na tankaɗe na cika farantai. Tsuntsaye suka faɗa kai suna birgima, ni kuma ina tsaye ina jin daɗi.

Abin da na fara lura da shi ma murna ya sa ni. Kiyashin da kullum nake yaƙi da su a ɗakin iri suka ɓace. Ƙwai ya fashe ya wuni a ƙasa, ko ƙuda bai sauka ba. Na ce kai, bana tsabtata ta kai. Har na yi wa matan zumuntar cocinmu alfahari.

Sai mazan suka fara yin shiru. Namijin salwa da gari ya waye ba ya barin kowa ya huta, amma sai na wayi gari ina jin ɗaya, biyu, can kuma babu. Na shiga na tarar da su a takure, gashi a tashe, wani in ya tashi tafiya sai ya yi tangaɗi kamar ya sha burkutu. Ka ɗaga shi ka ji jikinsa yana ɓari a tafin hannunka. Na matsa ƙarƙashin wutsiya, a bushe. Matan ɗakin kuma ƙwansu ya ragu, wanda suka yi ma ɓawonsa kamar takarda, wani ba zane ko kaɗan, wani ka taɓa ya lotsa. Na zaɓi masu dama-dama na sa a firij, na yi ta juyi. Ranar ƙyanƙyasa ta zo ta wuce, tire cike, 'yan tsakin da suka fito ba su cika tafin hannu ba. Su ma ƙafafu a warwatse, ba su kwana biyu ba. Na sake zubawa. Wannan karon ko ɗaya.

Babu abin da ban canza ba. Na canza mai sayar mini da abinci, na koma dafa ruwan sha, na wanke ɗaki da ruwan zafi, na sayo maganin ƙarin kuzari. Bayan kowane wanki kuma in sake cika farantai da sabon yashi daga tulin da Dogara ya kawo, don a ganina marar lafiya ya fi bukatar wanka. Matan zumunta suka zo suka yi addu'a, wata ta ja ni gefe ta ce in bincika, akwai mai baƙin ciki da ni a layin nan. Na ce mata mai baƙin cikin nan kuwa ya san aikinsa, da ya bar kejin waya lafiya lau ya bi ɗaki ɗaya. Domin matan keji ko atishawa babu, suna ta zuba ƙwai. Mazan kuwa kullum sai na fitar da gawa.

Akwai wata likitar dabbobi mai shago a Sabon Tasha, Dakta Rahila, yarinya ce sa'ar 'yata. Na kwashi ƙwan da suka ƙi ƙyanƙyashewa na kai mata a leda. Ta samo faranti ta yi ta fasawa ɗaya bayan ɗaya, tana dubawa ba ta ko toshe hanci. Ta ce, "Mama, duba nan. Yawancinsu gwaiduwa ce kawai, ba abin da ya fara. Mazanki ba sa aiki. Waɗannan kuma sun fara, suka mutu a hanya." Ta ce wannan bai yi mata kama da annoba ba, don annoba ba ta tsayawa a bakin ƙofa. Ta rufe shago ta hau keke napep muka taho tare.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana ta kallon ƙasa. Ta tambaye ni ko ina fesa maganin sauro, na ce ko turaren sauro ba ya shiga nan. Ta ce, "To me ya sa ba ƙwaro ko ɗaya a ɗakin da ake zubar da abinci?" Na buɗe baki zan yi mata alfaharin tsabta, sai na tuna da kiyashin da suka ɓace. Ta tambaye ni me ke cikin ɗakin nan wanda babu a keji. Muka dubi faranti a tare. Ta ɗebi yashin a murfin roba, ta zuba masa ruwa kaɗan, ta miƙo mini. Wayyo Allah! Wani wari ya taso mai hawa kai, kamar kananzir da aka haɗa da wani abu. A bushe ba ka jin komai.

Ko zani ban gyara ba na nufi wurin da Dogara yake aiki. Na same shi a kan tsani na ce ya sauko. Na ce, "Yashin nan, me aka zuba masa?" Ya ce ba komai. Can ya dafe kai. Ya ce wato kafin a yi daɓe sun jiƙa tushen ginin da maganin gara, kamar yadda ake yi. Da aka gama, ragowar da ke cikin duro mai gidan ya ce kada a yi asara, a juye kan tulin yashi don gara kada ta hau, a nan kuma suka ɗauraye duron da bokitai. Rana ta busar da shi tun kafin ya kwaso. Ya ce, "Mama, ni na ɗauka kududdufin ƙofar gidanki za ki cike." Na gaya masa inda yashin ya tafi. Ya zauna a kan bulo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in zage shi, amma na rasa ta inda zan fara. Mutum ya turo baro tun daga bayan layi don ya kyauta mini.

Dakta Rahila ta yi mini bayani dalla-dalla. Maganin gara an yi shi ne ya daɗe a ƙasa yana aiki. Tsuntsun yana haɗiyarsa a tsakuwa, yana shaƙarsa a ƙura, kaɗan-kaɗan kullum. Ba ya kashewa nan take, sai ya bi jiki ya taɓa jijiya, ya kashe wa namiji ƙarfi, ya lalata ƙwan mace. Ta ce duk abin da ya fito daga ɗakin nan, nama ko ƙwai, kada a ci kada a sayar, ko kare kada a ba. Muka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya muka binne yashin da gawarwakin. Tun daga ranar duk yashin da zai shiga gidana sai na jiƙa na shinshina, in fasa ƙwai a kai in ajiye a rana. In kiyashi suka taru, bismilla. In suka ƙi, ni ma na ƙi.

Na tambaye ta mazan da suka rage za su dawo? Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba. Na ware su, na ba su abinci mai kyau, na jira. Sun daina ɓari, amma ba kuka ba kumfa. Na haɗa su da lafiyayyun matan keji, na tara ƙwai na sa a firij, na fasa daga baya: gwaiduwa zalla. Ga shi matan kejin nan su kaɗai suka rage lafiya cikin masu jinin salwar Oga, kuma sun doshi shekara. Salwa in ta shekara ƙwanta ja da baya yake yi, ba ta jiran kowa. Watanni ba a yi ƙyanƙyasa ba, ba 'yan baya masu tasowa. In suka tsufa ba namiji, shi ke nan, iri ya ƙare a hannuna.

Hajiya Binta ta ce, "Ke dai akwai taurin kai. Namiji ai namiji ne, mu je kasuwa in saya miki da kuɗina." Muka je. Mai tsuntsaye ya zaro mini wani ya ɗora a hannuna, na ji kamar na ɗauki soso. Na ce, "Malam, wannan ya gama girma?" Ya ce har ya yi jikoki. Na mayar masa. A hanya Hajiya ta yi ta faɗa, ta ce rabin iri ai ya fi babu. Gaskiya ta faɗa, na sani. Na ce mata ta ba ni zuwa ƙarshen wata, in ba wata hanya zan dawo in saya, in kira Oga in gaya masa da bakina. Wannan kiran shi nake tsoro fiye da komai.

Ana cikin haka wata Lahadi bayan an taso daga coci, ina tsakar gida ina tankaɗen dusa, sai na ji sallama. Dogara ne. Tun ranar bulo yake kauce mini, ko a coci sai ya bi ta ɗaya ƙofar. Ya shigo rungume da kwalin taliya da aka huda wa ramuka, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Mama, matata ce ta ji a zumunta wai namiji kike nema. Ban sani ba ko wannan zai yi."

Na ce, "Kasuwa ka je? Mayar musu."

Ya ce, "A'a. Tukuicin da kika ba ni ne."

Na tsaya ina kallonsa. Ashe ranar da ya kawo yashi, da yake ba a barin mai kawo alheri ya koma hannu wofi, na shiga na cafko wani namiji na ba shi ya yi farfesu. Wani fitinanne ne da ya addabi ɗakin iri, ya fige kan mata, ya fasa wa ɗan'uwansa ido. Na ware shi a kwando ina jiran masu farfesu. Irin wannan kyauta na yi ta ba adadi, ko a mafarki ban ƙara tuna shi ba.

Na ce, "Ba ka yanka ba?"

Ya ce, "Mama, na ɗauko wuƙa fa. Sai na duba, mu bakwai ne a gida. In na fige wannan wa zan ba, wa zan hana? Na ce bari ya ƙara girma. Har yau bai ƙara ba."

Na buɗe kwalin. Kafin in gan shi da kyau ya kai mini sara a yatsa har jini. Na ce, yawwa, kai ne! Ya rame, don ɓarɓashin tuwo da gero ya yi ta ci, amma ƙirjin nan ja mai faɗi yana nan, ƙafa a tsaye. Na juya shi na matsa. Kumfa ta fito fara sol. Na zauna a ƙasa cikin kayana na coci ina dariya ina hawaye, Dogara yana cewa, "Mama, lafiya? Ya yi ne ko bai yi ba?"

Kada ku ɗauka daga nan sai biki. Namiji ɗaya ba ya iya wa mata da yawa, wannan kuma ga rama ga mugun hali. Na yi kwanaki ina gyara shi da abinci mai kifi da waken suya. Na zaɓi mafi nauyi cikin matan keji, na ɗan rage masa tsinin baki da abin yanke farce. In na bar shi da su ya wuni sai ya mayar da su masu sanƙo, don haka kai shi nake yi kamar baƙo: in sa shi wurin wannan da safe, in tsaya a kai, in cire, da yamma in kai shi wurin waccan. Hajiya Binta ta zo ta same ni a tsugune ina gadi, ta ce, "Oho, yanzu kuma kin zama uwar ango." Ƙwan da na tara bai cika rabin tire ba, don ba a barin ƙwan iri ya wuce mako a ajiye. Na yi musu alama da fensir na rufe firij.

Wuta kuwa kamar ta sani, transifomar layinmu ta ƙone a tsakiyar zaman. Da fitilar kananzir na ƙarasa, ko kasuwa ban je ba. Ranar da ya kamata, da hantsi, na kara kunne a jikin firij na ji wani ɗan kuka siriri daga ciki. Ba a buɗewa a irin wannan lokaci, iska in ta shiga sai ɓawo ya bushe musu. Na zauna a kan turmi na harɗe hannuwa don kada su ci amanata. Da la'asar na leƙa. Ba duka suka fito ba, tsofaffin mata ne, amma waɗanda suka fito suna tsaye a kan ƙafafunsu suna ture juna.

Duk da haka ban kira Oga ba. 'Yan tsaki a farko duk kamarsu ɗaya, kuma in duk suka zama mata ina nan inda nake, da tsoho ɗaya mai mugun hali da zai iya faɗuwa gobe. Kullum in ɗaga su ina hura gashin ƙirji. A sati na uku na ga ja ya fara fitowa a jikin wasu, na ce ko idona ne yake ba ni abin da nake so. Ko Hajiya ban gaya wa ba.

Wata safiya ina wanke mazubin ruwa a bakin famfo, sai na ji wani abu daga ɗakin iri, kamar an taka ƙofa mai tsatsa. Na tsaya. Ya sake, murya a shaƙe irin ta ɗan namijin da ke koyon kuka, ya fara ya kasa ƙarasawa. Can wani ya amsa masa daga ɗaya kusurwar, shi ma a karkace. Na saki roba a ƙasa, ruwa yana ta zuba, na ɗauko waya da jiƙaƙƙen hannu. Ta daɗe tana ƙara kafin Oga ya ɗauka, muryarsa ta tsufa sosai.

Ya ce, "Madam Saratu? Lafiya? Yaya tsuntsayena?"

Na tura ƙofar ɗakin na miƙa wayar ciki.